Gwangwani Mai Shuɗin Murfi

Ba ta cire haƙoran sai ta ji ƙarar injin gogewa ta tashi a shago. Ta sa babban yatsa ta ɓalle ƙugiyar dama, ta ɓalle ta hagu, ta zaro su a hankali ta saka cikin kofi. Ruwan ya yi ja-ja. Ta ɗaga madubi ta buɗe baki. Ganɗarta ta yi jawur daidai inda farantin ƙarfen yake kwanciya, har shatar gefensa ta fito kamar an zana da alƙalami. Dasashin ya kumbura, ya fashe a wuri biyu.

Wata huɗu ke nan tana wannan ɓoyon, a gidan da ɗaki uku ne kawai da shago a gaba.

Mijinta mai haɗa haƙora ne. Ba likita ba ne, kuma in kana son ganin ɓacin ransa ka kira shi likita. Likitoci ne ke ɗaukar awon bakin mutum su aiko masa, shi kuma ya sassaƙa da kakin zuma, ya narka ƙarfe ya zuba, ya goge, ya jera haƙoran roba a kai. Shekara talatin da takwas yana yi. Duk layin Mai Haƙori suke ce masa, ita tana ce masa Malam. Shi kuwa Sai-Gwal yake kiran ta, kuma sunan yana da tarihi. Tana amarya ya sayo mata wasu 'yan kunne masu ƙyalli, ta sa da murna, kwana biyu kunnuwan suka kumbura suna ruwa. Ya sake sayo wasu, haka. Agogo ma in ta ɗaura sai bayansa ya bar mata ƙuraje. Ya ce ya auro matar da jikinta bai san talauci ba. Sai daga baya, da ya yi nisa a sana'a, ya gane nikel ne da ake gaurayawa cikin irin waɗannan ƙarafan fatarta ba ta so.

A kan kantar shagon akwai gwangwani biyu, girmansu ɗaya, ɗaya da shuɗin murfi, ɗaya da kore. Cikin kowanne akwai 'yan curin ƙarfe farare, gajeru, bakinsu zagayayye kamar maɓallin riga. In ka zube su wuri ɗaya ba ka bambance su sai ka karanta ƙananan haruffan da aka buga a jikinsu. Na shuɗin murfi kobal ne gauraye da kurom, na kore nikel ne da kurom. Malam yana maganarsu kamar wasu 'yan uwansa.

"Wa da ƙane ne," yakan ce wa duk wanda ya yi kuskuren tambaya. "Kobal shi ne babba, mai taurin kai. Ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa. Ƙugiyarsa in ta kama haƙori sai ta shekara goma ba ta saki ba. Shi ake sa wa tsofaffi a ƙugu in gaɓar ta cinye. Amma wajen gogewa sai ya sha maka rai. Nikel kuwa mai sauƙin kai ne, yana narkewa da wuri, yana jin dutsen gogewa. Ga shi da haƙurin wuta. Wayar da ke ja cikin murhun nan nawa shi ne, har cikin injin jirgin sama yana nan. Da shi nake yi wa haƙori hula. Aibinsa ɗaya, ba kowane jiki yake shiri da shi ba. Ku tambayi uwargidana."

Ita ta ji wannan karatun ya fi sau ɗari, har takan riga shi ƙarasawa daga tsakar gida.

Da turamen haƙoranta shida suka fita, bai yarda kowa ya taɓa aikin ba. Kwana uku ya yi a kansa. Ranar da ya gama ya shigo da shi a tafin hannu yana ƙyalli, siriri, ba kauri ko kaɗan.

"Daga shuɗi na ɗebo miki, kobal zalla, ko ƙwayar nikel babu," ya ce. "Kuma kin san wani abu? Yau ƙarfen ya yi mini biyayya. Kobal da ke cinye mini dutse uku, ɗaya ya ishe ni. A gaya wa Auta ubanta bai tsufa ba."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, kuma ita kaɗai ce a gidan ke iya kallon idonsa ta faɗi abin da kowa ya gani. Yanar ido ce ta rufe masa idanu, na hagu ya fi. Yakan zuba shayi a gefen kofi ya ce teburin ne ya karkace. Yakan gai da mai wanki da sunan mai gyaran famfo. Aikin ido kuwa ya ƙi ji, don wansa ya taɓa shiga ɗakin tiyata da ido ɗaya da rabi ya fito da ɗaya. Shekara guda suna ja da Auta, har ran nan ya buga tebur.

"Ido ne ke aikin ko hannu? Ki saurara da kyau. Ranar da aikina ya cuci bakin mutum, ranar zan rufe shagon nan da hannuna in ba ki makulli. Kafin nan ki bar ni."

Sai-Gwal ta ji tsoron wannan maganar fiye da yadda ta ji tsoron yanar, don ta san wanda ta aura. Bai taɓa faɗin abu ya janye ba, ko da a kan wauta ne. Ta kuma san yadda yake in babu shago. Shekarar da ya karye a hannu ya yi wata biyu a gida, kujera ya juya ya fuskanci bango, abinci sai ta yi da gaske. Mutumin da ke cika gida da surutu ya koma sai "to" da "a'a". Ba ta son sake ganin wannan mutumin.

Sati biyu da sa haƙoran bakinta ya fara zafi. Ta ce rashin sabo ne. Ya rage mata gefe, ya ƙara gogewa, ya ce yanzu fa? Ta ce ya yi daidai. Zafin ya koma raɗaɗi, raɗaɗin ya zo da wani ƙaiƙayi da ta sani tun tana amarya. Ta kori tunanin. Ta daina cin lemu, ta daina cin yaji, ta koma burodi jiƙaƙƙe da ayaba. Zane ya fara yi mata yawa. Shi kuwa in baƙo ya zo sai ya ƙwala mata kira.

"Sai-Gwal, zo ki yi musu dariya su ga aikin makaho."

Takan zo ta yi dariyar.

Auta ce ta ja ta zuwa wurin likitan haƙori, wanda shekara ashirin yana aiko wa Malam aiki. Malam ma ya bi su. Likita ya haska fitila ya daɗe yana dubawa, ya tambayi wane ƙarfe ne.

"Kobal," in ji Malam. "Wallahi da hannuna na ɗebo. Matar da na san jikinta shekara arba'in zan sa wa nikel?"

Likita bai yi musu ba, don bai taɓa kama shi da kuskure ba. Ya juya gare ta ya ce, in ta cire su na kwana biyu tana jin sauƙi? Ta kalli mijinta yana tsaye ya riƙe hularsa a hannu.

"Na sha cirewa," ta ce. "Duk ɗaya ne."

Ƙarya ce, kuma ita ce ta jawo sauran. Likita ya ajiye fitila ya ce miki da ya ƙi warkewa wata huɗu a bakin mai shekarunta ba abin wasa ba ne. Za a yanki ɗan nama a kai gwaji, nan da sati biyu, ranar Alhamis. Bai ambaci sunan cutar ba, amma duk su ukun sun ji shi.

Washegari da safe, tana sharar shago kafin ya fito, ta buɗe shuɗin murfi ta ɗauki curi ɗaya. Tana son ta san ko mutuwa za ta yi. Ta ɗora shi a cikin tsintsiyar hannunta ta hagu ta ɗaure da ƙyalle. Don kada ta zalunci kowa, ta ɗauki ɗaya daga kore ta ɗaura a dama, ta saki hannun riga. Kwana biyu ta kwance. Hannun dama lafiya lau, sai ɗan shatar ɗauri. Na hagu ya yi ja, ya tashi, zagaye guda cif, da ƙananan ƙuraje masu ruwa.

Ta zauna a bakin gado ta tuna ranar da sabon kaya ya zo, cikin fararen kwalaye iri ɗaya da rubutu ƙanana. Ta tuna shi tsaye bakin taga yana kai kwalin kusa da hanci, yana nisanta shi, sannan ya juye. Ta yi niyyar cewa ya bari Auta ta zo ta karanta, ta fasa don kada ya yi fushi.

Abin da ta iya yi shi ne, ta koma shago ta musanya murafun. Ko ba komai, wanda zai zo nan gaba ya tsira. Ta yi tunanin jefa haƙoran a magudana ta ce sun faɗi. Amma da ta yi, zai kunna wutar narka ƙarfe ya sake mata wasu, alhali zubin da ya yi na ƙarshe sai da hannun rigarsa ya kama da wuta bai gani ba, wari ne ya gaya masa. In kuma ta bar sawa bakin ya warke, warkewar ce za ta tona shi. Sai ta ci gaba da sawa. Ta ce a ranta su yanki naman, ai ba za su sami komai ba, daga nan Allah ya kawo wata dabara.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne shi. Cikin kwanakin nan Malam ya rame fiye da ita. Ya daina kiran ta ta yi wa baƙi dariya. Yakan zo bakin ƙofar kicin ya tsaya ba abin da yake nema. Ran nan ya ce mata kobal ya sake yi masa tauri, dutse uku bai ishe shi ba, ƙila Auta ta yi gaskiya ƙarfinsa ya tafi. Ta ga tana kashe shi ta wata hanyar don ta hana shi mutuwa ta wata, kuma ba ta san wadda ta fi ba.

Yau ce Alhamis ɗin. Auta za ta zo da mota ƙarfe goma. Injin yana ta kuka a shago, ita kuma tana zaune da madubi a cinya, haƙora a kofi.

Ba ta ji takunsa ba. Inuwarsa ta gani a kan labule. Ta yi sauri ta rufe baki da gefen mayafi, ta tura kofin bayan ƙafarta.

"Injinka fa yana aiki," ta ce. Maganar ta fito a tauye.

"Bar shi. Na kunna ne kawai, na rasa abin da zan goga."

Ya zauna kusa da ita, katifar ta lotsa.

"Ina ta tunani," ya ce. "Kusan shekara arba'in ina leƙa bakunan mutane, naki ne ban leƙa ba sai da ya lalace. Da na lura da wuri."

"Ba laifinka ba ne, Malam."

"In suka ce shi ne, ba inda za ki ni kaɗai ki bar ni da waɗannan 'ya'yan. Kin ji ko? Ni ko inda kike ajiye gishiri ban sani ba."

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya lalubo hannunta na hagu ya riƙe da nasa biyu, kamar yadda yake riƙe aiki in zai duba. Babban yatsansa ya shiga ƙarƙashin hannun rigar. Ta so ta janye, ya riga ya taɓa.

Yatsan ya tsaya. Wurin ya bushe ya yi ɓawo, amma gefensa yana nan a tashe. Ya bi shi a hankali ya zagaye, ya sake zagayewa. Wannan yatsan ya ɗauki irin wannan zagayen daga gwangwani sau dubbai.

"Mene ne wannan?"

"Ƙuna ce. Mai ne ya fallatso."

"Mai ba ya fallatsa da awo."

Ya tashi ya fita. Ta ji ƙarar murfi, ta ji ya dawo. Ya sake kama hannun ya ɗora curin ƙarfe a kan tabon. Sanyinsa ya ratsa ta. Curin ya zauna daram a kan tabon, bai rage ba, bai wuce ba.

"Kwana nawa kika ɗaura?"

"Biyu."

"Ɗayan hannun fa?"

Ta miƙa masa. Ya shafa, fata sumul.

"Wannan na hagun, daga wane gwangwani?"

Ta saki mayafin. Ba amfanin rufewa kuma.

"Shuɗi."

"Shuɗin yau, ko shuɗin da?"

"Na da. Ni na musanya murafun."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba amsar lissafin da ya daɗe yana damun sa.

"Dutse ɗaya," ya ce. "Hannuna ya gaya mini tun ranar. Kobal bai taɓa yi wa kowa biyayya ba. Ni kuma na shigo ina cika baki."

Ta jira faɗa. Ta shirya masa ma, ta tanadi abin da za ta ce. Sai ta ga ya kifa fuskarsa a tafin hannunta, kafaɗunsa suna rawa.

"Alhamdulillahi," yake cewa. "Alhamdulillahi. Ƙarfe ne kawai. Ni ne kawai."

Ta ɗora ɗayan hannun a ƙeyarsa. Ita ma kukan ya zo mata, na sauƙi da na baƙin ciki a haɗe, don ta san abin da zai biyo baya.

Da ya ɗago ya share fuska da hula.

"Wata huɗu, Sai-Gwal. Kina ci da wuta a baki, ina kiran ki ki yi wa mutane dariya. Har za ki bari su sa miki wuƙa. Saboda me?"

"Saboda ka rantse."

"To ai rantsuwar tawa ce."

"Zaman kujerar kuma nawa ne. Ni na gan ka wancan karon, kai ba ka ga kanka ba."

Ya sunkuya ya laluba bayan ƙafarta ya ɗauko kofin, ashe ya san inda yake. Ya tsamo haƙoran ya girgiza ruwan, ya bi farantin da yatsa, ya taɓa ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗan danna ta dama, ta buɗe ba gardama, ba ta koma ba.

"Ga shi nan," ya ce. "Tela ma ya dawo mini da nasa ƙugiya ta saki, na ce masa ƙashi yake tauna. Su nawa na yi wa daga kayan nan kafin ki musanya?"

"Ban da ni, uku. Tela, da malamar makaranta, da tsohon direban nan mai tari."

"Malamar tana sa 'yan kunne?"

"Ban taɓa ganin ta da su ba."

Ya rufe ido. Ya mayar da haƙoran cikin kofi ya tashi.

Tana zaune ta ji kukan injin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya. Ba ta taɓa jin gidan shiru haka da hantsi ba in ba ranar hutu ba. Ta ji ya ja taga. Ta ji ƙofar ƙarfe, ta ji kwaɗo ya ƙi shiga, ya sake gwadawa, ya shiga.

A daidai nan Auta ta yi sallama, da katin asibiti a hannu. Ta ga uwarta baki a buɗe ba haƙora, ido jawur, ta ga ubanta ya shigo yana miƙo mata makulli.

"Baba, lafiya?"

"Uwarki lafiyarta ƙalau. Nikel na sa mata. Karɓi."

Auta ta kalli makullin. Shekara guda tana neman sa. Ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe katin da su duka biyu.

"Baba, ba yau ba. Mu je asibiti tukuna, ko ma mene ne sai likita ya sake dubawa."

"Za mu je. Ni na rantse masa, ni zan gaya masa da bakina."

Ya ajiye makullin a kan tebur kusa da kofin. Ya sa hula, ya gyara ta, ya tsaya a tsakiyar ɗakin da ya yi shekara talatin yana shiga yana fita.

"In mun fito daga can, akwai gida uku da zan shiga," ya ce. "Na malamar za mu fara."

"Na san layin," in ji Sai-Gwal. "Gidan yana da lamba a ƙofa."

"To ke za ki karanta." Ya miƙo hannu, ba daidai inda take ba, ɗan gefe kaɗan. "Ba na gani, Sai-Gwal. Na daɗe ba na gani."

Ta matso inda hannun yake, ta ba shi na dama.